Gigin Tsufa: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ya Rage a Tsakar Gida

Gwaggo ta daɗe tana neman makullin akwatinta alhali yana ɗaure a bakin zanenta, mu kuma muna dariya. Takan aiki yaro sayen gishiri sau biyu a wuni ɗaya, mu ce tsufa ne. Dariya ta ƙare ne ranar da ta tsaya a tsakar gida bayan la'asar ta ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa na yanka, gatsal, kamar mai kiran almajirin gida. Sama da shekara 50 ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. "Wancan" take cewa, in kuma da jikoki take magana ta ce "babanku". Matan da ke tsince shinkafa suka ɗago suka dubi juna. Shi kuwa mai sunan, dattijo da furfurarsa, ya fito daga soro ya durƙusa ya ce, "Na'am, Inna." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma wa ya kira ka?"

Matar nan fa ita ce uwar adashin layinmu a cikin gari. Mata wajen 30 ke zubi a hannunta, ba littafi ba biro, amma ta san wadda ta zuba, da wadda ta ce sai Juma'a, da wadda kwasa ta zo kanta. Shekara biyu bayan wancan kiran, raka'o'in magariba ma sun gagare ta ƙirgawa.

Bahaushe bai rasa sunan da zai kira wannan hali ba. Wani ya ce gigin tsufa, wani ya ce ruɗewa, wani ya ce ta koma yarinta, 'yan jarida kuma sun fi cewa cutar mantuwa. Sunayen namu sun kama siffar abin sosai, illarsu ɗaya ita ce sun ɗora komai a wuyan tsufa, tsufa kuwa ba a kai shi asibiti. Amma ko ayar da muke yawan jawowa, ta 70 a Suratun Nahli, cewa ta yi daga cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da. Daga cikinmu aka ce, ba dukkanmu ba. Kowace unguwa a Kano tana da tsoho ɗan shekara 90 da zai jero maka sarakuna tun daga Dabo, ya kuma tuna maka bashin da kakanka ya ci a hannunsa.

Mantuwar tsufa ta yau da kullum ita ce ka manta sunan baƙon da ya zo jiya, an jima kana alwala ya faɗo maka. Ta cuta kuwa, mantawa za ka yi an yi baƙon gaba ɗaya. Tambaya ɗaya sau biyar kafin a sauke tukunya. Ɓata a hanyar masallacin da mutum ya shekara 40 yana bi. Mace ta tsaya gaban murhu ta rasa ko ruɗe ake fara yi ko talge. Likitoci suna shata iyakar ne a nan: idan raunin tunani ya kai ga hana mutum tafiyar da harkokin da ya saba yi da kansa, ya zama cuta. Tsakanin biyun akwai wani mataki na ɗan rauni wanda gwaji ke nunawa amma mutum yana rayuwarsa. Wasu daga nan suke gangarawa, wasu su tsaya cik, wasu ma su warware.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ba cuta ɗaya ba ce. Gigin tsufa kamar zazzaɓi yake, alama ce guda da ke da iyaye da yawa. Babbar cikinsu ita ce cutar Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama. Ta samo sunanta daga wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda a 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt. Tana zargin mijinta, tana ɓoye kaya, an ce ta rubuta sunanta ta fara ta kasa, ta ce ita kam ta ɓace wa kanta. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita ya ga abu biyu: wani daskararren datti a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Dattin shi ake kira amiloid yau, zarurrukan kuma na wani sinadari ne mai suna tau. Fiye da shekara 100 ke nan ana kokawa da waɗannan biyun.

Ta biyu, wadda a ganina ta fi shafarmu, ita ce ta jijiyoyin jini. Ƙwaƙwalwa cike take da 'yan ƙananan jijiyoyi, wasu sun fi gashi siranta. Hawan jini da ciwon suga suna cinye su a hankali kamar gara a azara. Wani lokaci abin ya zo da shanyewar ɓarin jiki kowa ya gani. Sau da yawa kuma ƙananan toshewa ne da ba sa kayar da mutum, sai dai a ga tafiyarsa ta zama ta jan ƙafa, tunaninsa ya yi nauyi, yau ya sauka mataki ɗaya ya zauna a kai wata shida, gobe ya ƙara sauka. Akwai kuma wani nau'i mai zuwa da gane-gane, tsoho ya ce ga yara nan zaune a kan gadonsa, jikinsa ya riƙa sandarewa. Da wani mai fara taɓa hali da kunya da harshe tun mutum bai kai 65 ba. Waɗannan biyun su ake fi kaiwa wajen ruƙiyya, kuma ban ga laifin mai kaiwa ba, don kowa ya ga uwarsa tana magana da wanda ba ya nan, aljanu ne za su fara zo masa a rai. A waɗanda suka tsufa tukuf, binciken ƙwaƙwalwa bayan mutuwa ya sha nuna cewa cututtukan haɗuwa suke yi, amiloid a nan, toshewar jijiya a can.

Gwaggo ta shekara fiye da 15 da hawan jini. Maganin yana nan cikin kwallarta. Takan sha in kanta ya sara, in ya lafa ta ajiye, kamar yadda rabin tsofaffin da na sani suke yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan larura sun haura miliyan 55, sababbi kusan miliyan 10 suna kamuwa kowace shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Bincike kuwa ya bi ta wata hanyar daban. A 1998 wasu masana suka kafa ƙungiya suka sa mata suna 10/66, sunan kansa ƙorafi ne: ƙasa da kashi 10 na binciken da ake yi a cikin al'umma ne ya shafi kashi 66 na majinyatan da ke ƙasashe masu tasowa.

Duk da haka ɗaya daga cikin binciken da ya fi tasiri a wannan fage a Najeriya aka yi shi. A 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, daga baya Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana a Amurka. Dabarar mai sauƙin faɗa ce: a ɗauki tsofaffin Yarbawa 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan, a ɗauki baƙaƙen fatar Amurka masu irin wannan shekaru a birnin Indiyanafolis, waɗanda yawancin kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, a auna su da ma'auni ɗaya, a bi su shekara da shekaru. Sakamakon farko a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, kashi 8.24 a Indiyanafolis. Da aka bi su aka ƙirga sababbin masu kamuwa, rahoton 2001 ya ce kashi 1.35 a shekara a Ibadan, 3.24 a can. Har wani ƙwayar gado da ake kira APOE4, wanda ke ninka haɗarin Alzaima a Turawa, sai aka ga ƙarfinsa ya yi rauni ƙwarai a Yarbawa.

Mutane suna son karanta wannan da cewa Allah Ya kare baƙar fatar Afirka. Masu binciken ba haka suka karanta shi ba. Sun lura tsofaffin Idikan sun fi takwarorinsu na Amurka ƙarancin hawan jini, da suga, da kitse a jini; suna cin doya da wake da ganye, suna tafiya a ƙafa, suna zaune cikin dangi. Wato asali kusan ɗaya, zaman rayuwa daban, sakamako daban. Wannan kuwa gargaɗi ne gare mu, don Kano ta yau ba Idikan ta 1992 ba ce. Ɗan kasuwar Kwari yana zaune a kan dila daga hantsi zuwa magariba, lemon kwalba a gefe, abincin da aka kawo masa ya ji gishiri da ɗanɗano, ya tashi ya faɗa A Daidaita Sahu cikin hayaƙi. A Arewa ma an ɗan taɓa: wani bincike a Jos a 2006 ya samu kashi 6.4, wani a Zariya a 2011 ya samu kusan kashi 3, kowannensu a kan mutum ɗari biyu zuwa uku da 'yan kai. Tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta sa mutum ya tambayi da wane mudu aka auna.

Mudun nan na gan shi da idona. Da muka kai Gwaggo wani asibiti a nan Kano, wani matashin likita mai ladabi ya zaro takarda ya fara yi mata tambayoyi. Gwajin da ya fi shahara a duniya an tsara shi ne a Amurka a 1975, maki 30 ne, kuma a ciki akwai faɗin kwanan wata, da cire 7 daga 100 a yi ta cirewa, da rubuta jimla, da kwaikwayon wani zane.

"Hajiya, wane wata muke ciki?"

"Azumin tsofaffi," in ji ta.

Ya dube ni. Na ce masa Rajab take nufi, kuma ta faɗa daidai. Ya tambaye ta shekarar da muke ciki, ta ce ita ba ta taɓa riƙe wannan ba, ya tambayi yara. Ya miƙa mata biro, ta karɓa ta jujjuya shi ta ajiye a kan cinyarta. Ta yi karatun allo har ta sauke, amma biro bai taɓa zama abin hannunta ba. In da zai bi takardar nan sau da ƙafa, da Gwaggo ta faɗi jarrabawar tun tana da shekara 40 tana riƙe da kuɗin mata 30. Allah Ya sa yaron mai hankali ne, ya ture takardar ya ce, "Hajiya, in na ba ki naira 500 na sayi ƙosan 150, nawa za ki ba ni?" A nan ne ta yi shiru mai tsawo, ta dube ni tana murmushin kunya. A nan ni ma na san abin ya yi nisa.

Wannan matsala ce ta sa masu binciken Ibadan suka ƙirƙiro gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya kwaikwaya, maimakon a ce ya yi zane. Suka kuma ba wa bayanin ɗan uwan da ke zaune da majinyaci muhimmanci daidai da amsar majinyacin. A gundumar Hai ta Tanzaniya an tsara wani gajeren gwajin don waɗanda ba su yi boko ba, har an gwada shi a Najeriya. Fassara tambaya zuwa Hausa kawai ba ta wadatar ba. Sai an gwada ta a kan ɗaruruwan tsofaffinmu masu lafiya an ga inda makinsu ke tsayawa, kafin a ce wanda ya gaza kaza yana da cuta. Wannan aiki ne na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba wanda zai taso daga Landan ya yi mana shi.

Sai batun magani, inda labari ya fi daɗi a kanun jarida. Tsofaffin magungunan, irin su donepezil da aka amince da shi a Amurka a 1996 da memantine a 2003, suna ɗan farfaɗo da tunani na wani lokaci a wasu mutane, cutar kuma tana ci gaba da tafiyarta a ƙarƙashi. Sababbin su ne masu wanke amiloid daga ƙwaƙwalwa. Na farkonsu, aducanumab, an amince da shi a 2021 cikin cece-kuce, kamfanin ya janye shi a 2024. Wanda ya biyo baya, lecanemab, an gwada shi a kan mutum 1,795 masu matakin farko na Alzaima. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi ana sa musu maganin ta ƙarin ruwa duk mako biyu, rabi ana sa musu ruwan da ba magani a ciki, ba majinyaci ba likita ba wanda ya san wa ke samun wanne. Bayan wata 18 aka buɗe lissafi: waɗanda suka samu maganin sun gangara a hankali da kashi 27 cikin 100.

A kula da kalmar. Gangarawa suka yi su ma, ba wanda ya hau. A ma'aunin da aka yi amfani da shi mai maki 18, bambancin ɓangarorin biyu 0.45 ne, bai kai rabin maki ba, har yau likitoci na gardamar ko iyali za su iya ganin wannan a gida. Kusan mutum 13 cikin 100 sun samu kumburi a ƙwaƙwalwa, shi ya sa dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai. Kafin a fara ma sai an tabbatar da akwai amiloid ɗin, ta wani hoto mai tsada ko ta ɗibar ruwan ƙashin baya. Farashin da aka sa masa a Amurka dala 26,500 ne a shekara, sama da naira miliyan 30, ban da hotuna da gado. A 2024 hukumar da ke tantance magungunan da asibitocin gwamnatin Ingila za su saya ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Baƙaƙen fata a cikin mutum 1,795 ɗin nan ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Ci gaba ne a kimiyya, ban musa ba, karon farko ke nan da aka taɓa jijiyar cutar aka ga ta motsa. Amma ga mai jinya a Gwale ko Fagge, wannan tamkar labarin ruwan sama ne a wata ƙasa.

Wani zai ce to a kawo gwajin nan Kano mana. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara 200 a Asibitin Zana, rabi aka ba su shi rabi wani maganin. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon nan yana cikin abin da ya ƙara wa ƙin rigakafin shan inna ƙarfi a 2003. A binciken gigin tsufa tambayar yarda ta fi haka tsauri, domin wanda za a nemi yardarsa shi ne tunaninsa ke zubewa. Wa zai amince a madadinsa? Babban ɗa da ke Abuja, ko 'yar da ke wanke masa jiki? In ya amince da safe ya ƙi da yamma fa? Duk mai son yin wannan aiki a nan, sai ya zauna da masu unguwanni da limamai da iyalai ya warware waɗannan da Hausa, tun kafin ya ɗebi jinin kowa.

Binciken da ya dace mu riƙe da hannu biyu ba ya samun manyan kanu. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, ya tattara abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar waɗanda ake iya sauyawa. A 2017 guda 9 ne, a 2020 suka zama 12, a 2024 suka kai 14: ƙarancin karatu a yarinta, raunin ji, raunin gani da ba a yi magani ba, hawan jini, suga, kitse a jini, ƙiba, taba, giya, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, da kaɗaici. Suka ce a lissafi, da za a kawar da su duka, da kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa sun tsira ko an jinkirta musu. Lissafin alli ne, ba alkawari ba. Akwai wanda zai kiyaye duka 14 ya kamu. Amma duba jerin da idon Bakano. Ɗan acaɓar da ya sha faɗuwa ba hular kwano. Mai injin markaɗe da ya kurmance tun yana 50. Tsohuwar da yana ta rufe wa ido ta daina fita, alhali aikin yana a asibitocin idon garin nan ba ya cin awa ɗaya. Matar da ta shekara 40 tana shaƙar hayaƙin itace.

Lissafi daban, gwaji daban, kuma an yi gwajin. A Finlan an ɗauki mutum 1,260 'yan shekara 60 zuwa 77, rabi aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da sa ido kan jini na shekara biyu. Rahoton 2015 ya nuna sun ɗan fi sauran a gwajin tunani. A Amurka aka gwada sauke lambar sama ta awon jini ƙasa da 120 maimakon 140 a mutum fiye da 9,000, aka samu raguwar kashi 19 a matakin ɗan raunin nan na tsakiya. Wanda ya fi burge ni shi ne na karkarar ƙasar Sin, da aka wallafa a 2025. Ƙauyuka 326, mutum 33,995 masu hawan jinin da bai saitu ba. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba likitoci ba ne, su riƙa ba da magani bisa tsari mai sauƙi, su ƙara in jini bai sauka ƙasa da 130 bisa 80 ba, su bi mutum su tabbatar yana sha, maganin kuma kyauta ko da rangwame. Bayan shekara 4, masu kamuwa da gigin tsufa a waɗannan ƙauyuka sun gaza na sauran da kashi 15 cikin 100.

Ba na'ura mai tsada a ciki. Abin awon jini ne, da ƙwayoyin da ke kowane kemis daga Sabon Gari zuwa Kurna, da mutumin da zai dawo ya tambaya. Ma'aikatan da za su iya wannan muna yaye su kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Abin da ya gagare mu shi ne na ukun, da kuma cire wa mutane tunanin cewa maganin hawan jini na ranar ciwon kai ne.

Akwai wani abu da kowane gida ya kamata ya sani, don a nan ake asarar waɗanda da sun warke. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. In tsoho yana lafiya ranar Talata, ranar Alhamis ya ruɗe bai san kowa ba, yana fizge-fizge ko yana ta barci, wannan wani abu ne daban kuma na gaggawa. Sau da yawa ciwon fitsari ne, ko na huhu, ko zazzaɓin cizon sauro, ko suga ya faɗi, ko ƙishirwa a zafin bazara, ko wata ƙwayar barci ko ta mura da aka sayo masa. A yi maganin sanadin, hankali ya dawo. Haka ƙarancin sinadarin B12, da raunin aikin wani ƙulli da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, da jinin da ke taruwa a kai makonni bayan faɗuwa a banɗaki, da ciwon damuwa bayan rasuwar abokin zama, duk suna sa rigar gigin tsufa kuma duk suna da magani. Dalilin zuwa asibiti ke nan ko da an ce cutar ba ta warkewa.

Jinya kuma, mu faɗi gaskiya, muna cewa "mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu" da alfahari, amma wannan "mu" ɗin mace ɗaya ce. A gidanmu matar ɗan Gwaggo ce, wadda ta shekara 30 tana durƙusa mata. Ita ke wanka, ita ke wanki, ita ke tashi ƙarfe biyun dare in Gwaggo ta naɗe kayanta ta ce za ta tafi gidansu, gidan da aka rushe tun zamanin soja. Ita kuma Gwaggo ke nunawa in baƙi sun zo ta ce, "Wannan ce ke sace min kuɗi." Dangi su zo dubiya ranar Juma'a da lemo da ayaba, su ji wannan, su tafi da shi a baki. Maza mu biya kuɗin magani mu ɗauka mun sauke nauyi.

Bincike ya waiwayi irin wannan mata. A Ingila tawagar Livingston ɗin nan ta gwada zama takwas kacal da masu jinya 260: a bayyana musu cutar, a koya musu gano abin da ke tayar da majinyaci, da yadda za su nemi taimako su kuma huta. Waɗanda suka samu zaman sun fi sauran tsira daga ciwon damuwa, kuma bambancin ya daɗe shekaru. Darussan ba baƙi ba ne. Kada a yi gardama da mai gigi. In ta ce za ta gidansu, a ce to Inna bari a sha shayi tukun. Zargin sata alamar cuta ce, ta ɓoye ne ta manta, sai a san maɓoyarta. Tashin hankalin yamma yakan ragu in ɗaki da haske kuma an rage hayaniya. Kafin a ce tsoho ya fitini mutane a duba ko ciwo yake ji, ko bayan gida ne ya ƙi fita, don ba zai iya faɗa ba. Magungunan kwantar da masu taɓin hankali, da ake saurin nema don a samu barci, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2005 cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan larura. Likita ne kaɗai zai auna, kuma na ɗan lokaci. Ɗaure tsoho ko kulle shi a ɗaki shi kaɗai yana ƙara masa firgici ne.

Fita kuwa ita ce abin tsoro. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya san cigiyar dattijo sanye da farar riga, "yana da ɗan ruɗewa". Namiji in ya ɓata a kai shi gidan mai unguwa. Tsohuwa in ta faɗa unguwar da ba a san ta ba, ba ɗankwali, tana sambatu, tana shiga gidan mutane, wani yaro ya ce mayya, shi ke nan an taru. In aka tambaye ta ko ita ce ta kama wane, tana iya cewa e, don ba ta san me ake tambaya ba. Takarda mai lambar waya a ɗinke a jikin riga, da sanar da maƙwabta da masu shagon layi halin da ake ciki maimakon a ɓoye, sun fi kowane kwaɗo amfani. Haka nan attajirin da ke riƙe da bashi da amanar mutane a ka, ranar da aka ga lissafi ya fara kuɓuce masa ita ce ranar zama da shi a rubuta komai gaban shaidu, tun yana iya cewa e ko a'a.

Sallar Gwaggo ta daɗe tana damun 'ya'yanta. Takan yi azahar sau uku, wata rana ta kalli arewa, wata rana ta sallame a raka'ar farko. Babban ɗan nata ya je ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce masa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, a bar ta ta yi yadda ta samu, kada a tsananta. Daga ranar aka daina gyara mata. Surukar takan shimfiɗa mata dadduma ta fuskantar da ita gabas, ta koma bakin murhu. Sunayen jikokinta duk sun tafi, nawa ma ya tafi, "ɗan nan" take ce min. Amma in aka ja mata farkon Tabaraka, sai ta karɓe ta kai ta ƙarshe ba tuntuɓe, da irin karin da malaminsu na allo ya koya musu, tana kaɗa kai.